Watanni tara kafin takardar sallama

A watan Satumba na 2015, lokacin da gwamnatin Buhari ta tilasta wa ma'aikatu da hukumominta mayar da kuɗaɗensu asusun bai-ɗaya na TSA a Babban Bankin Najeriya, ina aiki a reshen wani banki a Kano, kuma asusun hukumomin gwamnati ne a hannuna. Cikin 'yan makonni teburina ya yi fayau. Babu wanda ya ce mini uffan, amma na san bankin da ajiya ta fice masa ba zai daɗe yana biyan mai kula da ita albashi ba. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni nawa ne ya fara hayaƙi.

Sai da na kwana uku ina juya maganar kafin na faɗa wa maiɗakina, domin namiji yakan ɗauki irin wannan labari tamkar gazawarsa. Ita ce ta tambaye ni abin da ban tambayi kaina ba: idan aka sallame ni, yaya za a yi da rancen mota? Da na sake karanta yarjejeniyar, sai na ga cewa ranar da aiki ya ƙare, daga haƙƙina na sallama za a zare sauran bashin gaba ɗaya. Na sayar da motar na biya, na koma hawa adaidaita sahu, abokan aiki suna ta tsegumi.

Daga nan na waiwayi fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa a asusun fansho, wurin aikinsa kuma kashi 10, sannan ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 damar cire kashi 25 na abin da ya tara idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Da na duba bayanaina, sai na tarar ranar haihuwata ta saɓa da wadda ke kan lambar tantancewata ta banki, wato BVN. Gyaran ya ci makonni, ga shi sai da wasiƙa daga ofishinmu, wadda na samu cikin sauƙi saboda har lokacin ni ɗan gida ne. Wanda aka riga aka sallama, a bakin ƙofa yake jiran irin wannan wasiƙa.

Da kaka ta yi, na je Dawanau na sayi buhunan masara, gero da wake, na biya kuɗin haya na shekara, sauran kuma na tara a asusu da lissafin zai riƙe mu wata shida. A nan ne na yi kuskure, duk da cewa lissafin kuɗi ne sana'ata. A watan Yuni na 2016 Babban Banki ya sakar wa kasuwa farashin naira, dala ta tashi daga kimanin naira 197 zuwa sama da 280, kafin ƙarshen shekara kuma hauhawar farashi ta haura kashi 18. Kuɗin wata shida da ƙyar suka kai wata huɗu, hatsin kuwa ya kai mu har wata kakar. Na kuma manta cewa inshorar lafiya tare da aiki take tafiya, sai da zazzaɓi ya kwantar da ƙaramar 'yarmu na tuna.

A cikin Yunin ne takardata ta iso, watan da ministan ƙwadago Chris Ngige ya umarci bankuna su dakatar da korar ma'aikata. Na sa hannu, na miƙa katin shaida, na tari adaidaita sahu zuwa gida kamar kullum.