Mataci ɗaya ba zai yi wa Hausa da Faransanci ba

Ƙungiyarmu a nan Damagaram ta tara labaran dattawan Birni da na Zango, aka ɗora mini haɗa su littafi guda. Wasu babukan da Hausa suke, wasu da Faransanci. Na Hausan an buga su tun tuni a kwamfutar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa, shi ya sa ko'ina sai k'asa, d'an, b'era.

Da Pandoc nake aiki, manhajar da John MacFarlane ya fitar a 2006, wadda ke juya rubutu daga wannan siga zuwa waccan. Tun 2017 tana karɓar mataci da aka rubuta da Lua (wani yaren rubuta wa kwamfuta umarni), ɗan umarni ne da ke bin rubutun yana gyara kafin a fitar da shi. Na rubuta nawa: ya mai da k' zuwa ƙ, d' zuwa ɗ, b' zuwa ɓ, 'y kuma zuwa ƴ kamar yadda ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ta tsara.

Sai dai in ka miƙa wa Pandoc fayiloli da yawa a lokaci guda, haɗe su yake yi tukuna, mataci ya ga abu ɗaya. Ba ruwansa da wane sakin layi ya fito daga wane fayil. Ke nan d'abord na Faransanci zai koma ɗabord, d'eau ya koma ɗeau. Na duba wani zaɓi na Pandoc mai suna --file-scope, na ga yana karanta kowane fayil daban, amma shi ma sai ya haɗe su sannan mataci ya fara aiki.

Abin da ya fisshe ni shi ne raba aikin biyu. Na sa wa fayilolin Hausa ha a ƙarshen suna, na Faransanci fr. Kowanne na juya shi shi kaɗai zuwa JSON, wata sigar ajiye bayanai da Pandoc ke iya sake karantawa, na Hausa da mataci, sauran ba tare da shi ba, daga nan na haɗe su jere na fitar da littafin.

Inda na fi daɗewa shi ne kan ƴar alamar nan ta sama (') da ke cikin k', d', b' da 'y. Pandoc kan lanƙwasa ta zuwa (’) tun yana karantawa, wadda ke farkon kalma kamar 'yan ma yakan ɗauke ta mabuɗin zance, mataci ya neme ta ya rasa. Sai da na kashe wannan da zaɓin markdown-smart, wanda ke hana Pandoc sauya alamun, sannan mataci ya gan su duka. Wani dattijo kuma yakan jefa jimlar Faransanci a tsakiyar Hausarsa; waɗannan na yi musu alamar lang=fr, wato Faransanci ne, na ce wa mataci ya tsallake.

Wani abokin aiki ya ce, "Malam, da ka gyara da hannu ai da an gama." Ban yarda ba. Har yanzu ana kawo sababbin babuka da tsohon bugu, kuma ba na son a taɓa fayilolin asali, domin su ne abin da masu rubutawa suka ji daga bakin dattawan.