Kwana tara ina zargin boris

Har yau idan na tuna boris huɗun nan da na sa aka cire, sai raina ya ɓaci. Lafiyarsu ƙalau.

Injinmu na murza fallen ƙarfe ne a sanyi, irin wanda masu kwanon rufi ke saye. Sai ga layuka a gicciye a jikin fallen, hannu ba ya jin su, sai an karkata shi ga haske. Da gudu ya kusa mita 600 a minti, injin ya kama wani siririn kuka. Na ɗora na'urar auna girgiza, ta ba ni kusan bugu 600 a daƙiƙa. Ba ɗaya girgizar ba ce, mai gurnani, ta tsakanin bugu 120 da 250, wadda ke tasowa farat ɗaya ta tsinka falle. Nan take na ce boris ɗin manyan rololin baya ne, masu tokare rololin da ke murza fallen.

Tun ranar farko dattijon da ke wasa mana rola ya tare ni. "Injiniya, sabon dutsen wasa rolan nan bai kwanta mini ba. A goga alli a rola mu gani." Na ce, "To, Baba," na wuce. Alli fa, na naira nawa?

Muka tsayar da aiki, aka sauke boris, aka ɗaura sababbi masu tsadar gaske. Ana tayar da injin layuka suka dawo yadda suke.

Sai a rana ta tara na ɗauki rula. Milimita 17 ne tsakanin layi da layi. Muka rage gudu zuwa 400, tazarar ba ta motsa ba. Da rawar jikin injin ce kaɗai, da tazarar ta matse zuwa 11. Na koma wurin Baba da alli a hannu. Muka goga a rolar da ko ɗaura ta ba a yi ba, sai ga layukan sun jeru. Nauyin dutsen wasan ya rinjaya gefe guda, yana dukan rola a kowane juyi. A gudun 600 kuwa tazarar nan ta yi daidai da bugun da injin ke amsawa, shi ya kawo kukan.

Kafin nan tabon ya riga ya hau rololin baya, su ma sai da aka sake wasa su. Baba bai ce mini komai ba, ya daidaita dutsensa.

Yanzu babu rolar da ke barin ɗakin wasa sai an shafa mata alli a gabana. Boris huɗun suna nan a sito, kullum ina wuce su.