Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwando Mai Uku, Tebur Mai Mutum Biyu

Makon jiya na ce zan kawo maganar auren Yaya, amma ku yi haƙuri, zancen wani teburin cin dim sum a unguwar Wan Chai ta Hong Kong ya hana ni sakat. Baffa, Allah ya jiƙansa, yakan ce a bakin kwano ake sanin mutum. Ban san nauyin maganar ba sai a Hong Kong, shekarar korona, muna mu huɗu 'yan kasuwar waya da jirgi ya daina kwasa.

Dim sum abinci ne na mutanen Kanton da ke kudancin China, ƙananan loma-loma da ake turarawa a kwandon gora kamar yadda muke turara dambu a madambaci. Su ba sa cewa za su ci dim sum, cewa suke za su "yam cha", wato shan shayi, daga safe zuwa azahar. Kuma a ƙidaye yake zuwa. Har gau, mai jatan lande cikin fata shara-shara, huɗu a kwando. Siu mai, mai niƙaƙƙen nama a ciki, huɗu. Bau, farin burodin da ake turarawa da nama a ciki, uku. Ƙwallon naman sa mai ɓawon lemo, shi ma uku. Mutum huɗu za su yi odar kwando 8 zuwa 10, kowa ya ɗanɗana komai. Da taro aka gina abincin.

Ga Musulmi akwai tarko. Siu mai na asali naman alade ne. Har gau da kake gani kamar jatan lande zalla, da yawa suna sa masa kitsen alade don ya yi maiƙo. Shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganyen bado tana zuwa da tsiran alade a ciki, ɓawon kek ɗin ƙwai kuma sau da yawa da wannan kitsen ake murza shi. Cewa "ba ni na kaza" ba ya fitar da kai. Shi ya sa mu muke haye ruwa daga unguwar Tsim Sha Tsui a jirgin ruwan Star Ferry, mu nufi Masallacin Ammar da ke titin Oi Kwan, mu hau hawa na 5, inda kantin cibiyar Musulunci yake yin dim sum na halal da kaza da sa.

Dokar korona ta zo daki-daki. Ƙarshen Maris 2020 aka ce mutum huɗu a tebur, mita ɗaya da rabi tsakanin tebur da tebur. Wannan bai dame mu ba, dama huɗu muke. Tsakiyar Yuli aka hana zama a gidan abinci daga ƙarfe 6 na yamma. Ranar 29 ga Yuli aka hana zaman gaba ɗaya, leburori suka koma cin abinci a bakin titi cikin ruwan sama, sai gwamnati ta janye, ranar 31, ana Babbar Sallah a gida, aka dawo da zaman rana amma mutum biyu kacal a tebur. A Disamba dokar mutum biyun ta sake dawowa, tarar wanda ya karya dokar taro ta tashi daga dalar Hong Kong 2,000 zuwa 5,000.

To ga yadda ake cin abincin mutum huɗu a tebur biyu. A lokacin, a ƙofa sai a auna zafin goshinka, ka wanke hannu, takunkumi yana fuska har sai shayi ya iso. Kowane tebur da takardar odarsa, ka yi alama da fensir. Dabarar ita ce kada teburan su maimaita abu ɗaya sai har gau, kuma kada ka yi odar komai lokaci guda. Kwando uku tukuna. Har gau minti shida ko bakwai yake yi a tururi, in ya huce fatarsa, wadda sitacin alkama ce da na rogo, sai ta yi tauri ta manne da takardar ƙasan kwando, ka ɗaga ta yage, cikin ya zube. Dalilin da ya sa sayen a tafi da shi gida asarar kuɗi ne ke nan. Kafin ka kai ɗakinka a Chungking Mansions, ginin masaukin baƙi da ke Tsim Sha Tsui, gumin robar ya jiƙa bau, cheung fan, wato naɗin ƙullin shinkafa, ya dunƙule kamar tuwon jiya.

Shayin bo lei za ka nema, baƙi ne, shi ke yanke maiƙo. Zubin farko ba na sha ba ne, da shi ake ɗauraye kofi da tsinken cin abinci a cikin kwanon da za a ajiye maka. Ka zuba wa abokin zamanka kafin kanka, shi kuma ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsa ke nan. Ruwa ya ƙare, ka karkace murfin buta, za a zo a cika ba sai ka ɗaga murya ba. Tsinke kala biyu ne, na ɗiba daga kwando daban, na kaiwa baki daban, al'adar da ta kafu tun annobar SARS ta 2003.

Matsalar tana kwando mai uku. Mutum biyu, loma uku. Ladabin wurin shi ne ka tura wa abokinka ta ukun, ya ƙi, ka sake turawa, ko ku raba ta da cokali. Mutumin da nake zama da shi, ɗaya daga cikinmu mu huɗun, bai taɓa turowa ba. Zama biyar muka yi, ina ƙirgawa. Yana ba ni labarin kwantenarsa da ta maƙale, hannunsa yana kan bau na uku. Ni ba yunwa nake ji ba, wallahi, ni na biya kuɗin teburin sau uku. Can teburin sauran biyun namu, Alhaji da ɗan Damagaram, kuwa ina hango su ta bayan allon roba suna ta "Ranka ya daɗe, ɗauka", "A'a ɗana, kai ne yaro", har ƙwallon naman ya huce.

Ƙafar kaza ma sai na ce wani abu. Ana soya ta, a jiƙa a ruwan sanyi ta kumbura, sannan a turara ta da baƙin wake mai ɗanɗanon daddawa. Ka sa yatsanta ɗaya a baki, ka tsotse, ka fito da ƙashin kan faranti. Alhaji ya shekara goma yana ƙyamarta, a lokacin dokar nan ya koya, don ita ce take ɗaukar lokaci, mutum ya daɗe zaune.

Ranar 18 ga Fabrairu 2021 aka mayar da mutum huɗu, da sharaɗin ka nuna manhajar LeaveHomeSafe ta bibiyar korona ko ka rubuta sunanka da lambar waya. Muka haɗe tebur. Da bau ya iso, uku a gaban mutum huɗu, sai mutumin nawa ya tura wa Alhaji kwandon da hannu biyu yana cewa babba ne gaba. Baffa bai ce a wane kwanon ba, mai shaidu ko marar shaidu. Shekarar da ta biyo baya mutumin nawa ya zo neman rancen kuɗin kwastan, na zuba masa shayi, ya ƙwanƙwasa tebur.