Yadda tajwidi ya taimake ni wajen koyar da furucin Turanci

Ina koyar da Turanci a wani lesin na yamma a Kano, yawanci yaran da ke shirin WAEC ne, kuma ɓangaren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ake kira Test of Orals. Wai jarrabawar furuci ce amma da fensir ake yin ta, tambaya 60 ta zaɓin A B C D, yaro zai iya cinye ta tas bai buɗe baki ya furta ko kalma ɗaya ba. Ni dai abin bai kwanta mini ba, don gobe in ya je intabiyu ya ce pipty maimakon fifty aka kwashe da dariya, babu ruwan kowa da makin da ya ci.

Shi ya sa na zauna na raba takarda gida biyu, sautukan Hausa a hannun dama, na Turanci a hagu, ina duba wanne muke da shi, wanne babu, wanne kuma yake kama da namu amma ba shi ba ne. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, tun 1957 wani Ba'amurke Robert Lado ya yi rubutu a kan cewa in ka kwatanta harshen uwa da harshen da ake koyo za ka hango inda ɗalibi zai yi tuntuɓe. Turancin Ingila da ake koyar da mu sauti 44 ne, baƙi 24 wasali 20. Mu kuwa wasali 5 gare mu, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye ai da au. Tun daga nan ka ga dalilin da cat da cut suke fitowa iri ɗaya a bakin yaranmu, kunnen ya zuba su duka a cikin "a" ɗinmu. Tsawon wasalin nan namu dai ya yi mana rana a wani wajen, ship da sheep ba sa ba su wuya sosai, don wanda ya san bambancin gari na mutane da gari na tuwo ya riga ya saba jin dogo da gajere.

Inda aikin yake shi ne f da p. Mutane suna cewa wai Bahaushe yana musanya su, ni kuma na ga ba musanya ba ce, sauti ɗaya tal muke da shi a wurin da Bature yake da biyu. Namu da leɓɓa biyu ake yin sa, haƙori ba ya shiga, wani lokaci ya fito kamar p wani lokaci kamar f, kuma a Hausa duk yadda ya fito ma'ana ba ta canzawa, balle a ce an je Sakkwato ko Maraɗi inda za ka ji hwari a maimakon fari. To yaro ya shekara goma sha yana jin su abu ɗaya, ka zo ka ce masa pan daban fan daban, wallahi ba taurin kai ba ne, bai ji bambancin ba ne sam. Abin da na lura shi ne sautin da ya yi kusa da naka ya fi wuyar gyara a kan wanda ba ka taɓa ji ba, don baƙon sauti kunne yana tsayawa ya saurara, mai kama da na gida kuwa sai ya ce ai na san shi ya wuce.

Don haka na daina fara darasi da "ku maimaita bayana". Sai an yi kwanaki ana aikin kunne kawai, in faɗi kalma su ɗaga hannun dama in p suka ji, hagu in f ne, pull da full, pile da file, copy da coffee. Sai bayan nan a zo kan baki. Ga p takarda nake sa su riƙe a gaban leɓe, in ta motsa da iskar da ta fashe an yi daidai.

Amma abin da ya buɗe mini aikin gaba ɗaya daga Islamiyya ya zo. Kusan duk ajin sun yi tajwidi, wasu ma sun haddace mafitar haruffa, wato wurare 17 da sautin haruffa yake fitowa, da Ibnul Jazari ya lissafa. Ran da muke fama da think da this, suna ta sink da zis, kawai sai na ce wa zai karanta mini "summa" yadda malamin hadda yake so, da ث ba da س ba. Nan take harshe ya fito tsakanin haƙora. Na ce to da wannan harafin think take farawa, this kuma da ذ ɗin "zalika". Ajin ya yi tsit, sannan aka fara gwadawa ana dariya, amma fa ya fito. Sautin yana bakinsu tun suna ƙanana, kawai sun ajiye shi a ɗakin Larabci ne, ba wanda ya taɓa ce musu Turanci ma yana da shi. Haka f, ai ف a tajwidi cikin leɓen ƙasa ne da bakin haƙoran sama, daidai da na Bature. Har yau in yaro ya zame sai in ce masa fa'un, ba sai na ƙara komai ba.

Kuma in ka duba, abin da kakanninmu suka yi wa Larabci shi ne jikoki suke yi wa Turanci. Usman da س muke kiran sa alhali ث ne, zikiri da z muke faɗa alhali ذ ne, ض ta koma l a alƙali da farilla da alwala, ط ta koma ɗ a ɗalibi da sharaɗi. Harshe yana jawo baƙon sauti zuwa mafi kusa da shi a gida, tsari ne ba shirme ba. In na nuna musu wannan sai kunyar ta ragu. Nakan kuma tuna musu da ƴan bautar ƙasa da ake turowa daga kudu, yadda kafa da ƙafa, ko bata da ɓata suke sha musu kai, balle kuka na hawaye da kukar miya da karin sauti ne kaɗai ya raba su.

Larabci dai bai da p bai da v, a nan tajwidi ba ya ceto. Ga v sai dai in ce su yi fa'un su ɗora yatsa a maƙogwaro har su ji yana rawa, kuma gaskiya very ta fi kowace kalma saurin komawa bery da zarar an fita daga aji.

Sai maganar cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta fara wa da baƙi biyu a jere, shi ya sa bread ya zama burodi, brake ya zama burki, screwdriver ya zama sukudireba. A Hausa daidai ne, nan ne gidansu. Matsalar in aka ɗauko wasalin nan na cusawa aka kai shi cikin Turanci. Abin da nake yi shi ne mu faro daga ƙarshe, rain, train, strain, a hankali ana ƙara baƙi ɗaya ɗaya, kuma in hana su kallon rubutun don da sun ga haruffa sai su koma karatun Hausa.

Ni ba na neman kowa ya koma magana kamar mai karanta labarai a BBC Landan, in an ji Kano a muryarsa babu laifi. Abin da ke canza ma'ana kawai nake bi, p da f, b da v, th ɗin nan guda biyu, sai inda ake danna gaɓa a kalma, kamar record na suna da record na aiki. Wannan na ƙarshen da tafi muke yin sa, a tafa da ƙarfi a kan gaɓar da aka danna, kuma zangon nan a kansa muke don kusan kowace shekara sai ya fito a takardar WAEC.