Inci 30 ba awon kowa ba ne

Shagona na kafinta yana Jekadafari a cikin garin Gombe. Teburan ɗinki da kujerun ofis su ne rabin cinikinmu. Yadda maigidana ya koya mini haka na daɗe ina yi: tsayin teburi inci 30, kujera inci 18, ko waye zai zauna.

Wata Hajiya mai koyar da ɗinki a Pantami ce ta buɗe mini ido. Na yi mata kujeru 12, ba a yi wata biyu ba ta kira ni. Ina shiga na tarar 'yan matan sun ninke zannuwa sun cusa a bayansu, wata ta sa bulo a ƙarƙashin ƙafarta. Hajiya ta ce, "Malam, kujerun nan da kanka ka gwada su ko?" Gaskiya ta faɗa. Da jikina na auna, ni kuwa dogo ne. Yawancin mata ba su kai maza tsawo ba, kuma idan mazaunin kujera ya yi zurfi, bakinsa na danne bayan gwiwa, mai taka keken ɗinki sai ta zamo gaba, ƙugu ya ɗauki nauyin duka.

Tun daga nan na canza yadda nake koya wa yarana aiki. Kafin a taɓa zarto sai an san wa zai zauna. A auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, a auna daga mazauni zuwa gwiwar hannu. Amma fa nan Gombe ne, saurayi ba zai durƙusa da tif a gaban matar aure ba. Ƙanwar matata ce ke zuwa ta yi awon, kuma ita ake gaya wa abin da kunya ke hana a gaya mini. Ta bakinta na ji cewa mai juna biyu ba ta iya matsowa kusa da teburi, sai ta riƙa miƙa hannu har kafaɗa ta sage. Ta bakinta kuma na ji batun hijabi da bel ɗin injin markaɗe, shi ya sa yanzu ba ma haɗa mazaunin inji sai da murfin katako a kan bel.

Maza nasu ciwon daban ne, wai namiji ba ya raki. Yaro zai ɗauki buhun simintin Ashaka mai kilo 50 da lanƙwasasshen baya, ka tambaye shi ya ce lafiya lau. Na daina tambaya. Ni nake fara cewa bayana na ciwo, sai ka ji kowa ya fito da nasa.

Kujera mai ramuka uku na ɗagawa da saukewa ta fi tsada kaɗan, wasu masu shago na ƙorafi. Na Hajiya dai na rage musu ƙafa inci 2 kyauta, tunda laifina ne.