Injin da mai koyon kafintanci zai fara saya a Saudiyya

Matasanmu da ke zaune a Jidda da Makka, waɗanda sha'awar aikin katako ta kama, sukan tambaye ni wane inji ya dace su fara saya, kuma galibi sun riga sun ƙwallafa rai a kan babban zarton tebur irin wanda suke gani a bidiyon kafintocin Amurka. A ganina wannan inji daga baya ya kamata ya zo, domin wutar gidan da mutum yake ciki, da girman wurin aikinsa, da irin katakon da kasuwa ke sayarwa, su ne ya kamata su zaɓa masa kayan aiki.

Batun wuta shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. Lantarkin Saudiyya yana tafiya ne a kan hatz 60 (hatz shi ne ma'aunin sau nawa wutar ke kai da komowa a cikin daƙiƙa ɗaya), alhali na Najeriya da Nijar da Sudan a kan 50 yake. A shekarar 2010 hukuma ta yanke shawarar mayar da wutar gidaje zuwa bolt 230, amma har yanzu akwai tsofaffin gidaje masu soket na bolt 127, don haka wajibi ne mutum ya auna wutar ɗakinsa kafin ya jona komai. Ƙananan injunan hannu masu ƙananan burushin gawayi a cikin motarsu, wato ɓangaren da ke juya injin, ba su cika damuwa da bambancin hatz ba. Manyan injunan da ake girkewa wuri ɗaya kuwa, saurin juyawarsu ya dogara ne a kan hatz, ta yadda motar da aka ƙera domin 50 za ta ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari a nan, wadda aka ƙera domin 60 kuma za ta rage gudu ta riƙa ɗaukar zafi idan aka kai ta Kano ko Wad Madani ta Sudan. Wannan ya shafe mu ƙwarai, tunda da yawa daga cikinmu muna sayen kaya ne da niyyar wata rana mu aika da su gida. A duba ƙarfen bayanin da ke manne a jikin injin, a zaɓi wanda aka rubuta 50/60 a kansa.

Sai katako. Kusan duk abin da kafinta ke aiki da shi a ƙasar nan daga waje ake shigo da shi, kamar yadda aka shigo da katakon da aka yi rawashin, wato sassaƙaƙƙun tagogin katako na tsohon garin Jidda. Mai koyo zai fi cin karo da katako mai laushi da Larabawa ke kira suwaidi, da wani mai tauri da suke kira zan, da falankin filawud da na MDF (garin katako da aka matse da gam) masu faɗin santimita 122 da tsawon 244. Irin wannan falanki ba ya juyuwa a ƙaramin ɗaki ko a saman bene, kuma tura shi kan ƙaramin zarton tebur ba tare da mataimaki ba haɗari ne, domin katako na iya matse zarton ya dawo wa mai aikin da ƙarfi. Zarton hannu mai faifai, tare da miƙaƙƙen ƙarfen da zai bi, ya fi aminci ga wanda yake shi kaɗai, saboda falankin na kwance ne, injin ke tafiya a kansa.

Bayan zarto, injin huda mai batir da injin goge katako da samfefa sun isa a haɗa kanta da benci da ƙaramin tebur. Ina ba da shawara a tsaya a kan kamfani ɗaya, ko Makita ko Bosch ko DeWalt, domin batirin wani ba ya shiga injin wani. Kuma kada a bar batir a cikin mota da rana, zafin ƙasar nan yana kashe shi da wuri.

Injin zuƙar ƙura ina sa shi gaba da zarton tebur, kuma da gaske nake. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa sankara, ga shi ƙurar MDF laushi gare ta, tana daɗewa a iska, musamman a ɗakin da aka rufe saboda na'urar sanyaya wuri. Takunkumi mai kyau da tabarau da abin toshe kunne su shiga cikin lissafin kuɗin farko.

Wanda aljihunsa bai kai sabo ba zai samu na hannu a haraj, wato kasuwar gwanjo, ko a kasuwar Sawarikh ta Jidda ko a shafin Haraj na intanet. Kada ya biya sai an kunna injin a gabansa, ya saurari ƙararsa, ya girgiza faifan bayan an cire wuta ya ji ko yana rawa, ya kuma tabbatar murfin kariya yana nan. A Jidda damshin teku na sa ƙarfe tsatsa, saboda haka a leƙa ƙarƙashin injin da cikin kusoshinsa, domin mai sayarwa saman kawai yake gogewa.