Na ɗauka nutsuwa ita ce gyaran hali

Shekara uku na yi ina ware minti ashirin kowace safiya domin zuzzurfan tunani, wato in zauna shiru, in rufe ido, in tattara hankalina a kan shigar numfashi da fitarsa. Barcina ya daidaita, faɗuwar gaban da ke addabata ta ragu, kuma har gobe ba na musun wannan amfani. Inda na yi tuntuɓe, ƙannena, shi ne na ɗauka tun da zuciyata ta lafa, to lalle halina ma ya gyaru, har na shiga tallata abin ga duk wanda ya ba ni kunne, ina cewa kimiyya ta tabbatar, alhali kanun labarai kaɗai nake karantawa.

Hujjar da na fi riƙewa ita ce wani gwaji na Jami'ar Northeastern da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2013. An shirya wata mata mai dogara sanduna ta shigo ɗakin jiran da kujerunsa suka cika, sai rabin waɗanda suka yi mako takwas suna horon zuzzurfan tunani suka tashi suka ba ta wuri, yayin da a cikin waɗanda ba su yi ba kusan kashi 15 cikin 100 ne suka motsa. Labari ne mai daɗin faɗi, amma mahalartan ba su kai arba'in ba, kuma sai da na gama yaɗa shi na san haka.

A 2018 wasu masana, Ute Kreplin da Miguel Farias da Inti Brazil, suka tattara bincike 22 suka tace. Sun ga ƙaruwa matsakaiciya a tausayi, ba su ga wani sauyi ba a wajen zafin kai ko ƙyamar waɗanda ba naka ba. Tausayin ma ya fito fili ne inda malamin da ya koyar da horon yake cikin marubutan rahoton, da kuma inda aka kwatanta mahalarta da mutanen da ke zaune kawai suna jiran layin horon ya zo kansu. Ba ina zargin kowa da maguɗi ba ne. Mai son abu yakan hango shi ko babu. Tun kafin nan, a 2014, masana a Jami'ar Johns Hopkins sun duba gwaje-gwaje 47 suka ga horon yana rage damuwa da ƙuncin rai da raɗaɗi daidai gwargwado, sai dai babu shaidar ya fi motsa jiki ko magani. Don haka idan kun ji an ce bincike ya nuna, ku tambaya mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, kuma wane ne ya koyar.

Amma ba takarda ce ta farkar da ni ba. Wata rana na yi wa ƙanena kaca-kaca a gaban abokansa kan kuɗin da ya ranta ya jinkirta biya, na ga leɓensa na rawa, ya sunkuyar da kai ya fita bai ce uffan ba. Daren nan abin ya tsaya mini a ƙirji. Da asuba na zauna kamar kullum, na bi numfashina, na kalli nadamar tana tasowa tana wucewa kamar yadda aka koya mini, kuma kafin minti ashirin su cika na ji wasai. Ban kira shi ba. Da na ji wasai sai na ɗauka an kashe magana, alhali shi yana can da mikinsa.

Daga baya na ci karo da aikin Andrew Hafenbrack da abokansa na 2022, inda suka ga cewa mutanen da aka tuna wa laifin da suka yi wa wani, sannan aka sa su horon numfashi, nadamarsu ta ragu, niyyar gyara ɓarnar ma ta ragu tare da ita. Waɗanda kuwa aka sa su yi zaman suna nufin wasu da alheri sun fi son gyarawa. Ina karantawa kamar da ni ake.

Shawarata ita ce kada ku auna kanku da yadda kuke ji bayan kun buɗe ido, domin a wannan awon mai kaya ne ke riƙe da sikeli. Ku tambayi waɗanda ke kwana su tashi da ku. Ni sai bayan wata huɗu na je na ba ƙanena haƙuri, na kuma tambaye shi ko ya ga wani sauyi a tare da ni cikin shekarun nan. Ya daɗe yana juya wayarsa a hannu, sannan ya ce, "Yaya, a da idan ka yi faɗa kakan dawo kafin dare ka ce in yi haƙuri. Yanzu kuwa sai ka ɓata wa mutum rai, washegari a gan ka fuska a sake."